Kayan ƙafar tsohuwar mota: sabo na kwali ko ɗan Beljiyom?

Malamin Lissafi:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masu tsofaffin motoci da makanikan da ke cikinmu, don abin ya fara kai ni bango.

Motata Honda Accord ce ta 2004, wadda ake kira EOD, mai fulogi huɗu. 'Yar Kwatano na saya, kuma tsakani da Allah inji da giya ba su taɓa sa ni kwana a hanya ba. Ƙafa ce matsalar. A Ɗorayi nake zaune, layinmu babu kwalta, da damina sai ka ratsa ruwa kafin ka hau titi. Yawancin ƙarshen mako kuma ina tafiya gida Malumfashi ta Gwarzo da Dayi, ni da iyali, a dawowa kuma ba a rasa buhun masara ko na wake a but.

Kayan ƙafar da ta zo da su sun yi mini shekaru ban ko leƙa ƙarƙashinta ba. Da suka gaji, makanikina ya ce a sauya boljoyin na ƙasa duka biyun (mahaɗin nan mai ƙwallon ƙarfe da ke barin taya ta juya), da manyan bushin, wato robobin lowa am (hannun ƙarfe na ƙasa da ke riƙe taya), da linkej. Na ba shi kuɗi ya sayo sababbi fil a kwali. Ko damina ɗaya ba su fitar ba. Robar boljoyin ɗin dama ta tsage, bushin ya dare, kwaramniya ta dawo sabuwa. Sai ya ce wai ai sababbin yanzu duk jabu ne, mu koma ɗan Beljiyom, wato tsohon kayan da aka ciro daga motocin ƙasashen waje. Aka sayo lowa am sukutum da bushinsa a jiki, aka haɗa da shokozoba biyu na gaba. Lowa am ɗin ya ɗan taɓuka, ba laifi, amma shok ɗin hagu tuni ya jiƙe da mai, in motar ta hau gargada kuma sai ta yi ta rausaya. Abin da ya ɓullo kwanan nan shi ne, in na murza sitiyari a tsaye, ko ina fitowa daga gida a hankali, sai in ji wani ƙiii daga ƙasa ta hannun dama.

Wannan ƙarar ce ta hana ni sukuni. Duk mai yawo a Kano ya taɓa ganin irin motar nan a gefen titi, taya ɗaya ta lanƙwashe ta shige ciki, mai ita yana tsaye yana buga waya. Ni kuwa yara nake ɗauka.

To, ku da kuka san harkar, wanne ne mai ƙarko a gaskiya, sabo ko ɗan Beljiyom? In sabo ne, ta yaya mutum irina da bai san ƙarfe ba zai gane gangariya a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa? Ko kuwa motar ce ta tsufa kawai, in haƙura in sayar? Albashin malamin makaranta ba zai ɗauki aikin ƙafa duk shekara ba.

Ɗan Tasha:

Wa alaikumus salam Malam. Ni Sharon nake ja, lodin Kano zuwa Katsina, kuma abin da motata take gani a mako ɗaya taka ba za ta gan shi a wata ba. Shawarata a taƙaice: ɗan Beljiyom. Abin da Bature ya ɗaura wa mota a kamfani daban yake, ko ya tsufa. Na kwalin nan kyan ɗan maciji ne, fenti da leda kawai.

Bushin kuwa na daina saye. Akwai masu yanka shi daga tsohuwar tayar babbar mota, a fere shi daidai ramin, a buga. Wallahi sai ka manta da shi. Ka kuma sa a ɗan ɗaga maka bayan motar da roba a ƙarƙashin sifirin saboda buhunan nan, ka ce wa mai faci ya ba tayoyin iska sosai.

Amma ƙarar nan da kake ji, kada ka hau hanyar Malumfashi da ita. A nan kam ba na wasa.

Baba Makaniki:

Malam, sannu da ɗawainiya. A Kaduna nake, a kan Fijo 504 na koyi aiki, lokacin da ake harhaɗa ta a nan Kakuri, yanzu kuma rabin motocin da ke shigowa garejina irin taka ce da Camry. Yarona ne yake rubuta mini, ni ina faɗa, don haka ka yi haƙuri da tsawon magana.

Na farko dai, ajiye motar. Ƙiii ɗin nan da kake ji in ka murza sitiyari, mafi yawan lokaci boljoyin ne ya bushe, ƙarfe yake goge ƙarfe. A kai ta gareji mafi kusa a hankali, a ɗaga ta, a zura ƙarfe tsakanin lowa am da nokul, wato ƙarfen da taya take ɗaure a jikinsa, a bankara a ga ko akwai wasa. Girgiza taya da hannu kawai ba ya nunawa koyaushe.

Bari in gaya maka dalilin da ya sa a motarka abin ba na sakaci ba ne. A Camry da Corolla, shok da sifirin a kan nokul suke zaune kai tsaye, nauyin mota ta nan yake sauka kan taya. Boljoyin na ƙasa aikinsa riƙe taya a layi ne kawai, shi ya sa zai yi ta kwaramniya wata da watanni bai fita ba. Accord ta 2003 zuwa 2007 ba haka aka ƙera ta ba. Hannu biyu gare ta, na sama da na ƙasa, shok ɗin kuma a kan lowa am yake tsaye da wani ƙarfe mai baki biyu. Nauyin mota yana danna lowa am ƙasa, taya tana tura nokul sama, boljoyin ne a tsakani yake riƙe su. Ke nan kullum a cikin ja yake, ko motar tana ajiye a ƙofar gida. Ranar da ƙwallon ya cinye mazauninsa, zarewa yake yi gaba ɗaya, kuma yawanci a wajen shan kwana ko hawa tudun rage gudu. Tsarin yana da daɗin tuƙi, shi ya sa motar take kwanciya a titi, amma ba ya yafe boljoyin mara kyau. Daga ƙirar 2013 ma Honda ta koma irin tsarin Camry a gaban Accord.

Yanzu ga tambayarka. Ni ba na raba kaya zuwa sabo da Beljiyom. Ina raba su zuwa ƙarfe zalla, da abin da ke da roba ko mai a cikinsa.

Ƙarfe zalla, wato nokul, jikin lowa am, sifirin, sandar sitabilaiza, wannan ɗan Beljiyom ya fi, in dai bai lanƙwashe ba kuma tsatsa ba ta ci shi ba. Ka lura da tsatsa, don motocin da suka fito daga Kanada da arewacin Amurka gishirin da ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara yana cin ƙarƙashinsu. Amma roba shekaru take ƙirgawa, ba tafiya kaɗai ba. Lowa am ɗin da aka ciro daga motar 2004, robarsa ta haura shekara 20 a duniya, ta sha sanyin can, ta zo ta kwanta a rana a kasuwa. A ido lafiya lau, an wanke an shafa mata baƙin mai tana ƙyalli. Ka sa sukundireba ka bankare ta, za ka ga ƙananan tsaga ko'ina. Ɗan Tasha ya yi gaskiya cewa abin da kamfani ya ɗaura ya fi, amma ragowar ransa kake saye, kuma babu mai iya gaya maka nawa ya rage.

Shok ma haka. Masu ƙera shi irin su KYB cewa suke a sauya shi wajen kilomita 80,000. Motar da aka yanka a Turai ko Amurka aka loda kayanta a kwantena da wuya ka samu ba ta ninka haka ba. Gwajin da ake yi maka a kasuwa, a danna sandar ta dawo da kanta a ce ka ga da ransa, iskar gas ɗin da ke ciki kawai yake nunawa. Aikin shok na gaskiya man da ke ciki ne da bawul ɗin da yake ratsawa, wannan kuwa hannu ba ya iya auna shi sosai. Akwai kuma wanda aka huda aka ɗura masa mai aka toshe aka fesa fenti. In ka ga ɗan Beljiyom ya fi sabo baƙi da sheƙi, ka ajiye shi.

Saboda haka boljoyin, tayarod, bushin, shok: sabo, amma na kirki. Ga boljoyin ɗin motar Japan ni na kamfanin da ake kira 555 nake nema, ko na cikin kwalin kamfanin motar in an samu, CTR na Koriya ma yana yi. Shok KYB. Motar Jamus kuwa Lemförder da Sachs. Yadda za ka gane na gaskiya, masu shago su ba ka amsa, sun fi ni sanin abin da suke sayarwa.

Sai dai akwai maganar da abokan sana'ata ba sa son a yi. Kaya da yawa da ake zagi a ce jabu ne, a gareji aka kashe su ranar da aka ɗaura su.

Ɗauki babban bushin nan naka da ya dare. Robarsa a manne take da ƙarfen ciki da na waje, ba juyawa take yi ba, murɗewa take in taya ta yi sama ko ƙasa. Dole a bar notinsa sako-sako, a sauke mota ta zauna a kan tayoyinta, sannan a ɗaure. In aka ɗaure shi mota tana kan jak, taya na reto, da an sauke ta robar ta riga ta murɗe, a haka za ta zauna dare da rana, kowane rami kuma ya ƙara mata. Ko na kamfani ne ba zai kai labari ba. Ka tambayi makanikinka a wane hali ya ɗaure, ka ji abin da zai ce. Garejin da ba shi da rami, yaro ba ya son rarrafawa ƙarƙashin mota, sai ya gama komai a sama.

Boljoyin kuma a cikin nokul ake matsa shi, da injin matsi ko abin matsi na hannu. Abin da aka saba shi ne guduma. Guduma tana yin ɓarna uku: tana fasa mazaunin roba mai tauri da ƙwallon yake zaune a ciki, tana taɓa boris ɗin taya, tana kuma buɗa ramin nokul. Bayan an yi haka sau da yawa sai sabon boljoyin ya riƙa shiga da hannu, daga nan sai a kira mai walda ya ɗiga masa wuta. Zafin walda kuwa narkar da giris da mazaunin yake yi. Ka fita da mota ba ƙara, kana murna, alhali an gama da shi. In ramin ya buɗe, magani ɗaya ne, a nemo nokul ɗan Beljiyom a matsa masa sabon boljoyin. A kuma sa wa notin 'yar kusarsa ta makulli, ba ƙusar kafinta ko guntun waya ba.

Shok sabo, na sha ganin yaro ya kama sandarsa da filaya don ya ɗaure notin sama. Sandar nan sumul take, ƙarzuwa ɗaya ta isa ta yanka sil, mai ya fara tsiyaya. Sannan a yar da robar da ke kare ta daga ƙura, da guntun robar da ke hana shok dukan ƙarshe, a ce ba su da amfani. A ƙurar hunturu irin tamu!

Maganar bushin taya da iska sosai, Ɗan Tasha, ka yi haƙuri, ban yarda ba. Tayar babbar mota ba za ta mutu ba, gaskiya ne, amma dukan da ya kamata roba ta shanye sai ya wuce kan boljoyin da jikin mota. A sifirin mai ganye na a-kori-kura ko robar sitabilaiza zan iya kau da kai, ban da lowa am ɗin Accord. Iska kuma, Malam, buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, za ka ga wajen 30 zuwa 32 aka rubuta. Masu faci 50 suke bugawa, wani har 60. Taya ita ce ta fara karɓar rami kafin shok, in ta zama dutse kayan ƙafa ne za su biya.

Kada ka sayar da motar saboda wannan. A yi aikin sau ɗaya, gefe biyu tare, a gama a kai ta alaimen.

Ɗan Tasha:

Baba, ranka ya daɗe, na ji kuma na karɓi maganar ɗaure noti a ƙasa, ban taɓa lura ba. Amma ku tuna mu fasinja muke ɗauka da kaya har saman but. In na sa iska 32 a Sharon da lodi, kafin Bichi tayar ta yi zafi. Kuma kuɗin shok sabo guda biyu na kirki ya kusa abin da nake kai wa mai mota a wata. Ba ƙin gaskiya muke yi ba, aljihu ne.

Baba Makaniki:

Ai takardar taka motar daban ce, kuma akwai layin cikakken lodi a jiki, ya fi na Malam yawa. Shi za ka bi. Ban ce ka sa 32 ba, cewa na yi kada mai faci ya zaɓa maka.

Mai Shago a Ƙofar Ruwa:

Salamu alaikum. Tunda Baba ya jefo mana ƙwallo, bari in karɓa. Kayan ƙafar motocin Japan nake sayarwa, gadon gidanmu ne.

Malam, boljoyin ɗin motarka kala huɗu ne a kasuwa, a shago ɗaya ma za ka iya samun uku. Akwai na kwalin kamfanin motar, wanda yanzu sai an yi oda daga Dubai ko Amurka, kuma kullum raguwa yake yi, don kamfani ba ya ci gaba da ƙera kayan tsohuwar mota har abada. Akwai na kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin waɗanda Baba ya lissafa. Akwai matsakaici daga Taiwan, Tailan ko Turkiyya, mai sunansa na kansa, ba ya ɓuya a bayan kowa. Sai na huɗu, wanda ko dai ba shi da suna, ko kuma ya ari sunan wani. Wannan na ƙarshen shi ne bala'in, don 555 da KYB suna cikin waɗanda aka fi kwaikwayon kwalinsu, saboda su mutane suke tambaya.

Mutane suna cewa ɗan Chana ne, kamar wannan ya gama magana. A Chana ana yin mai kyau ana yin na banza, ɗan kasuwar da ya je Guwanzu shi yake faɗin farashin da yake so, a yi masa daidai kuɗinsa. Ana rage giris, a sa robar da rana ɗaya ta Kano za ta busar, a bar ƙwallon ba a gasa ƙarfensa ya yi tauri ba. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki tana kamawa lokaci-lokaci, amma kasuwa ta fi ƙarfin samame.

Me ya sa muke ajiye shi? Saboda shi ake saye. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, kaya kuwa duk da dala ake shigo da su. Mutum zai zo in ɗora masa biyu a kan kanta, in ce wannan ya ninka wannan sau uku a kuɗi, kuma ga dalili. Cikin masu zuwa, kaɗan ne suke ɗaukar mai tsadar. Wani kuma mai motar ya bayar da kuɗin mai kyau, wanda aka aiko ya sayi na ƙasa, ya ce in rubuta masa rasit na sama. Ba duka makanikai ba, Baba, kada a ce na yi kuɗin goro, amma ana yi, kuma kai ma ka sani.

Don haka Malam ka zo da ƙafarka. Ka zo da lambar shasi, mai harafi da lamba 17 da ke jikin gilashin gaba ta gefen direba, don Accord ta Amurka da ta Turai na shekarun nan ba mota ɗaya ba ce. In da hali ka zo da tsohon da aka cire.

Abin da za ka duba: sabon boljoyin na kirki da ƙyar za ka iya motsa sandarsa da hannu, in yana kaɗawa sakwaf tun a kwali, ajiye. Ka matsa robar, ta kasance mai laushi da kauri, da zoben waya da ya kama ta sama da ƙasa. Ka dubi zaren noti da jikin ƙarfen, na gaskiya aikinsa sumul ne, tambarin a buge yake a jiki sarai, ba a dagule ba. Ka ɗauki biyu a hannu ka ji nauyi. Rubutun kwali in ya yi dishi-dishi ko harafi ya faɗi, ka san sauran. Amma ba zan ruɗe ka ba, masu kwaikwayo sun ƙware, wani sai mu da kanmu mun haɗa shi da na gaskiya gefe da gefe. Abin da ya fi duka nunawa farashi ne. In shago biyar sun faɗi kuɗi kusan ɗaya, na shida ya ce rabi, ba sonka yake yi ba. Araha ba ta ado.

Sannan ka ce a rubuta maka sunan kamfanin kayan da lambarsa a rasit, ba "boljoyin guda 2" kawai ba. Mai sayar da jabu ba ya son wannan rubutun, a nan za ka ga ya fara kame-kame.

A kan ɗan Beljiyom ina tare da Baba, sai abu ɗaya. Hannun sama na motarka boljoyinsa a jiki yake, tare ake sayar da su. In ka rasa sabo na kirki, ni na fi yarda da ɗan Beljiyom mai tauri wanda robarsa ba ta fashe ba a kan sabo mara suna. Na ƙasa ne ba na ba kowa shawarar tsoho.

Uwargida daga Zariya:

Ni Corolla ce da ni ta 2005, ina zuwa aiki da ita Samaru kullum. Abin da ya rage mini wahala shi ne duk lokacin juyen baƙin mai sai na sa a ɗaga motar na duba robobin nan da idona, na boljoyin da na tayarod da na shaf. In roba ta tsage ba na jira sai ta yi ƙara. Makanikina da farko dariya yake yi, yanzu shi yake kirana in zo in gani.

Malam, kai da kake ratsa ruwa a layinku, ina ga nan ne taka take mutuwa. Tsaga kaɗan ta isa ruwa da yashi su shiga su wanke giris.

Tambaya gare ni ga Baba: shok ɗaya ne ya lalace a bayan tawa, dole sai na sayi biyu?

Baba Makaniki:

Hajiya, biyu. In ɗaya sabo ɗaya gajiyayye, gefe ɗaya yana riƙewa ɗaya yana saki, za ki ji shi a kwana da wajen taka birki, tayar gefen tsohon kuma ta riƙa cinyewa tudu da kwari. In kuɗi bai kai ba gara ki ɗan jira ki haɗa, in dai ba zubar da mai yake yi sosai ba.

Mai Shago, ban musa ba, akwai masu cin amana a cikinmu. Amma wanda ya rubuta rasit ɗin ƙaryar ma da hannunsa a ciki.

Malamin Lissafi:

Allah Ya saka da alheri, na karanta duka. Na kai motar wani gareji mai rami a nan kusa, aka bankara kamar yadda Baba ya ce. Boljoyin ɗin dama yana wasa sosai, robar ta rabu biyu, ciki jan ƙasa ne da tsatsa, babu ɗigon giris. Da aka goge nokul ɗin sai ga ɗigon walda guda biyu a gefen boljoyin. Na hagu ba walda, kuma ramin da sauransa.

Abin da muka tsayar: nokul ɗan Beljiyom a dama, sababbin boljoyin biyu, a matsa su da inji a wajen masu tana, sababbin manyan bushin a cikin lowa am ɗin da ke jiki tunda ƙarfensa lafiya yake. Ni zan shiga Ƙofar Ruwa da kaina, da lambar shasi da tsohon a leda. Shok sai ƙarshen wata in an yi albashi, kafin nan ba Malumfashi, masara ta biyo motar haya. Tayoyin kuma da aka auna, 48 aka samu a gaba, an rage.

Saura abu ɗaya, Baba. Mai sayar da nokul ɗin ya ce da boljoyinsa na kamfani a jiki yake zuwa, wai asara ce a cire shi a sa na kwali. Sabon makanikin ma ya ɗan karkata can. In ya yi tauri kuma robarsa lafiya, a bar shi?

Baba Makaniki:

A cire. Ba ka san tafiyar da ya yi ba, kuma wajen raba shi da lowa am a can inda aka yanka motar, da guduma ko cokalin ƙarfe aka yi, ba lallashinsa aka yi ba. Tunda nokul ɗin yana hannu a waje, yanzu ne matsa sabo ya fi sauƙi, in an ɗaura sai an sake kwance shaf da birki kafin a kai gare shi.

Abu biyu ka duba kafin ka biya kuɗin nokul ɗin. Ka juya hob ɗin da hannu ka saurara, in yana gurnani boris ɗin ya tafi, a sauya maka wani. Ka kuma tabbatar ramin wayar ABS ta birki iri ɗaya ne da naka, a gwada taka wayar a ciki tun a shagon. Ranar ɗauri kuma ka tsaya a wurin har a sauke motar a ɗaure notin bushin a kan rami, kada ka tafi sallah ka dawo a ce maka an gama.